Kundin da Na Ba Ki Ba Duka Nawa Ba Ne

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga ɗiyata Balkisu, wadda nake kira Innata saboda sunan mahaifiyata da take ɗauke da shi. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa kin zauna Zariya lafiya, ya tsare ki a masauki da aji da kan hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya nisanta ki da duk abin da ke zubar da mutunci. Ki gaishe mini da gwaggonki da ta karɓe ki.

Labarin gida ba shi da yawa tun da kika tafi, kuma ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai maganar da ya kamata in faɗa miki baki da baki ranar da kike haɗa kaya, na kasa. Na gwada a waya har sau biyu, amma da kin ce "Baba, lafiya dai?" sai in ce lafiya lau, in koma tambayar ki abinci. Shi ya sa na dawo ga takarda, domin ita kaɗai ce ban taɓa jin nauyinta ba.

Kin tuna hantsin ranar. Kina zaune bisa tabarma kina ninke tufafi, kina yi mini bayanin maƙalarki ta farko, wadda kika rubuta kan yadda manoman Tambuwal da Kebbe ke adana wake da hatsi kada ƙwari su ci, wadda kuma za ki aika wa wata mujallar bincike kafin ƙarshen wata. Kika ce masu mujallar suna da tsauri. Kafin edita ya miƙa maƙala ga masu tantancewa, sai ya sa ta cikin wata manhaja da ke gwama ta da rubuce-rubucen da aka riga aka buga. Wanda aka samu ya ɗauki maganar wani bai ambace shi ba, ko ya kawo tsohon abu ya ce sabo ne, za a mayar masa da takardarsa, wani lokaci har a sanar da jami'arsa. Ko da an riga an buga, in asiri ya tonu daga baya, sai a janye maƙalar, a bar sunan mutum a fili da tabon abin da ya yi. Na tambaye ki ko ba ki jin tsoro. Kika yi dariya, kika ce:

"Tsoron mi, Baba? Ni ba littafin kowa niɗ ɗauka ba. Rabin aikin ga daga kundinka yaf fito, kuma na rubuta ƙarara cewa abin da manomi yag gani da idonai na, shekara da shekaru. Wa ka iya ƙaryata ka?"

Na ce madalla, na tashi na ce zan duba awaki. Awaki ba su buƙatar dubawa a wannan lokaci. Bayan rufewa, rumbunmu na laka, na je na tsaya, har sai da na ji mai babur da zai kai ki tasha ya yi sallama.

Innata, kundin nan da kika ɗauki hoton shafukansa da wayarki, hannuna ne ya rubuta shi daga bango zuwa bango, amma ba duk abin da ke ciki idona ya gani ba. In kika aika maƙalar yadda take, kin sa hannu kan shaidar da ba gaskiya ba ce, kuma ni ne na sa ki. Zan faɗa miki yadda aka yi, dalla-dalla, ba don in wanke kaina ba.

Kin san ban wuce firamare ba, ciwon kakanki ya mayar da ni gona. Abin da na sani na boko bayan wannan, daga ƙasidun da malaman gona ke rabawa na same shi. Duk wadda ta shigo hannuna sai na karanta ta har ta zauna mini a ka, sannan in kwafe abin da ya burge ni cikin kundi, domin takardar ƙasida ba ta da ƙarko. Kwafi kuwa tun a makarantar zaure na koye shi. Malaminmu, Allah ya gafarta masa, yana da ƙa'ida biyu. Ta farko, mai kwafi ba ya sauya ko ɗigo, wanda ya sauya ya ci amana. Ta biyu, ba a faɗin magana sai an faɗi mai ita: wane ya ce, daga wane ya ji. Yakan ce maganar da ba ta da uba ba ta da wurin zama a zaurensa. Ta farkon na riƙe ta da haƙora. Ta biyun na baro ta can tare da allona, domin a wautata na ɗauka karatun addini kaɗai ke buƙatar ta. Ƙasidar gona, wa zai tambayi ubanta? Da yawansu ma babu sunan mutum a bangonsu, sai na ofis.

Haka na yi shekaru ina zubawa. Yau shafi daga ƙasida, gobe abin da na tarar a rufewata, jibi abin da wani dattijo ya faɗa mini a kasuwa, duk da hannu ɗaya da tawada ɗaya, babu wata alama da ta raba su. Ina jan layi da rula, ina sa lambar shafi, ina alfahari da tsabtar aikina. Na tsare ɗigo da waƙafi, na yi sakaci da sunayen mutane. Saboda haka ga shawarata ta farko. Duk lokacin da za ki kwafi wani abu, ko da layi ɗaya ne, kafin ki rubuta shi ki fara rubuta sunan mai shi, da sunan littafin, da shafin. Kada ki ce za ki tuna daga baya. Ni ma haka na ce. Maganar da ta daɗe cikin rubutun hannunki takan rikiɗa ta yi kama da taki, har ke da kanki ki rantse taki ce.

Wancan kuskure na sakaci ne. Wanda zan faɗa yanzu da gangan na yi shi, kuma shekara da shekaru ban gaya wa kowa ba, har mahaifiyarki ta koma ga Allah ba ta sani ba.

Akwai wani dattijo a Fakku da ake kira Baba Arzika. Na san shi ne lokacin da nake zuwa wajen Kebbe sayen wake. Wakensa kaɗai ne ake buɗewa da bazara a same shi ba huda ko ɗaya. Na yi ta bin sa da gaisuwa da goro har ya saba da ni, ya riƙa zaunar da ni gindin tsamiya yana koya mini abin da ya gada. Shi ya nuna mini yadda ake shanya wake har sai ya yi ƙas a haƙori, da yadda ake turara rufewa kafin a zuba dami, da yadda ake jera wake da toka hawa-hawa cikin tulu a liƙe bakin da laka. Yana magana ina rubutawa, yana yi mini dariya yana kira na Garba mai takarda. A duk ƙasar nan ban taɓa samun wanda na ji daɗin zama da shi kamar wannan tsoho ba.

Wata shekara aka kira taron manoma a Dogon Daji, aka ce in yi jawabi kan adana amfanin gona. Na tashi na karanta shafukan nan tsaf, da Hausar ƙasida. Aka yi ta tafi. Wani jami'i da ya zo daga birni ya ce, "Malam Garba, a ina ka samo wannan ilimi haka?" Bakina ya buɗe ya ce, "Ranka ya daɗe, nazari ne da gwaji na shekaru." Ban san Baba Arzika yana wurin ba. Ya biyo ayarin mutanen garinsu, yana zaune can baya bisa buzunsa. Da aka watse ya tako da sandarsa, ya kama hannuna a gaban jama'a yana murmushi, ya ce:

"Garba mai takarda, ashe maganata ta yi boko! Ni da nika faɗinta gindin tsamiya, ko akuya ba ta taɓa tafa min ba."

Mutane suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. Na ce, "Baba, ai duk albarkacinku ne." Ya ce, "Ba komi, ɗana. In ka koma gida ka gaida min alƙalaminka."

Bai yi fushi da ni a fili ba. In na je Fakku zai sa a kawo mini ruwa, ya tambayi iyalina. Amma daga ranar, duk tambayar da na yi masa kan gona ko rufewa, amsarsa ɗaya ce: "Duba takardarka." Kunya ta sa na rage zuwa, daga baya na daina. Da a ce ranar nan na ambaci sunansa sau ɗaya, babu abin da zai ragu daga tafin da aka yi mini. Innata, waccan manhajar da kika ba ni labari ba ta san Baba Arzika ba, ba za ta taɓa saninsa ba. Wanda ba shi da littafi shi ya fi sauƙin zalunta, domin ba shi da shafin da zai buɗe ya ce ga maganata. Duk tsoho ko tsohuwar da ta zaunar da ke ta ba ki abin da ta sani, ki nemi izininta, ki rubuta sunanta da garinta yadda kike rubuta na farfesa. In masu mujalla suna da tsarin yin haka, ki bi tsarinsu. In kin ga babu, ki tambaya har a nuna miki.

Na uku ke na yi wa. Kina aji huɗu na firamare aka ba ku aikin gida, ku rubuta abin da ke ɓata hatsi. Kika zauna kika rubuta da kanki yadda kika ga ƙwaron wake yana fita daga ramin da ya huda, kika ce ya yi kama da ɗan haya da ya cinye ɗakin da aka ba shi. Kika kawo mini kina murna. Na karanta, na ce wannan ba rubutu ba ne, hira ce. Na ɗauko ƙasida na buɗe miki shafi, na sa ki kwafe shi sau uku har hannunki ya yi ciwo, na tsaya a kanki kada ki sauya kalma. Malaminku ya ba ki maki mai yawa, ni kuma na yi ta nuna wa maƙwabta. Tun daga lokacin ban sake ganin kin kawo mini wani abu da kika rubuta daga kanki ba, har sai wannan maƙala. Ina neman gafararki. Abin da kika rubuta a ranar ya fi na ƙasidar, domin kin gan shi. In kin karanta aikin wani, ki rufe littafin, ki bari ya kwana a ranki, sannan ki faɗe shi yadda kika fahimta, kuma duk da haka ki ambaci mai shi. Kada ki bi hanyar masu sauya kalma nan da can domin su ɓatar da sawu. Wanda ya sauya wa tunkiyar maƙwabci igiya bai zama mai ita ba. In jimlarki ta fito da ɗingishi, ki bar ta ta yi ɗingishinta, gyara zai zo.

Yanzu ga abin da na yi tun bayan tafiyarki. Na sauko da akwatin ƙarfen da nake tara ƙasidu, na shimfiɗa su a zaure. Kullum in na dawo daga gona da hantsi sai in zauna har azahar, kundi a cinyata, ina bin sa layi-layi. Babu mai kira na cin abinci yanzu, saboda haka aikin ya yi sauri. Duk wurin da na gano daga ƙasida ya fito, na ja masa layi da jan biro, na rubuta sunan ƙasidar da shafin a gefe. Wasu gara ta cinye bangonsu, a nan na rubuta cewa daga ƙasida ne amma ban san wacce ba. Abin da na ji daga bakin mutane na ja masa shuɗin layi, na sa sunan wanda na tuna. Abin da na tabbata ni na gwada, na gani da idona, na bar shi fari ba layi. Da na gama na juya shafukan, na ga ja da shuɗi sun rufe kundin, farin kaɗan ne. Na daɗe zaune ina kallon sa. Ban taɓa sanin haka nawa ya ƙanƙanta ba.

Ranar Laraba na hau babur zuwa Fakku, hanya duk taɓo. Na shirya maganar da zan yi wa Baba Arzika tun daga gida, na maimaita ta a hanya. Da na isa na tarar ya rasu tun damina biyu da suka wuce, ba wanda ya aiko mini, kuma ba ni da bakin yin ƙorafi. Babban ɗansa Nomau ya karɓe ni. Na yi masa ta'aziyyar da ta makara, sannan na faɗa masa komai, har da abin da ya faru a Dogon Daji. Da na gama ya ce:

"Malam, ai tsoho ya sha ba mu labarin ga. Dariya shika yi. Shi dai cewa shikai mai takarda ya yi fushi ya bar zowa."

Na tambaye shi ko sun yarda ɗiyata ta sa sunan mahaifinsu a aikinta. Ya ce, "Turawa ka karanta shi?" Na ce har da su. Ya ce, "To a sa mai kyau, Arzika ɗan Magaji na Fakku. Kada a rage mai komi." Na rubuta shi a bangon kundi na ciki yadda ya faɗa.

Saura shafi ɗaya, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali. Shafin da ke cewa tokar ƙaiƙayin gero ta fi tokar itace tsare wake, wanda kika ce shi ne sabon abin da maƙalarki ta kawo, shi malaminki ya fi yabawa. Na bincika ƙasidun da suka rage ban gan shi ba, amma da yawa sun lalace. Na tambayi Nomau, ya ce bai tuna tsoho ya bambanta toka da toka ba. Na zauna na matsa wa ƙwaƙwalwata ko ni na gwada. Wani lokaci sai in ga kamar ina ganin tuluna biyu a jere a bayan ɗaki, wani lokaci sai in ga kamar hoto ne na gani a takarda. Wallahi ban sani ba. Ban ja masa ja ba, ban ja masa shuɗi ba, kuma na kasa barin sa fari. Na zagaye shi da fensir. Abin da ban sani ba, ba zan bari ki rantse a kansa ba.

Don haka ina roƙon ki, kada ki aika maƙalar nan a ƙarshen wata. Ki ɗauki kundin, wanda na naɗe tare da wannan takarda na ba direban motar da ta kai ki Zariya, ki je wurin malamin da ke duba aikinki, ki buɗe masa shi yadda yake. Ki ce masa mahaifinki ne ya cakuɗa, ke ba ki sani ba. In ya yi shakka ki ba shi wasiƙar nan ya karanta, ban ɓoye komai a cikinta ba. Kada ki ji kunyar faɗin laifina don ki rufa mini asiri. Sunana ya riga ya yi tafiyarsa, iyakarsa Tambuwal da kasuwannin kewaye, naki kuwa yanzu ya fara fita. Na san jinkirin zai yi miki ciwo, na san abokan karatunki za su riga ki. Na san kuma wataƙila ki daɗe ba ki kalle ni yadda kike kallo na a da ba. Wannan na yarda da shi, na ɗauka.

Game da shafin fensir, ga abin da na iya yi. Na sayo tuluna shida sababbi daga wurin maginan Jabo, girmansu ɗaya, na jera su a ɗakin da kika bari. Wake ya fara fure, in Allah ya kai mu kaka zan ware miki buhu daga gona ɗaya. Zan tanadi ƙaiƙayi da itace, amma ba zan ƙone ko ɗaya ba, ba zan zuba ko ƙwaya ba, sai kin zo. Ke za ki auna, ke za ki liƙe bakin tulu, ke za ki dawo da bazara ki fasa laka ki ƙirga da hannunki. In maganar ta tabbata, ta zama taki, babu editan da zai karɓe ta. In ba ta tabbata ba, ki rubuta haka, shi ma ilimi ne. Ba zan yi miki ƙarya a takardar da na rubuta don gaskiya ba: na lura cewa wannan gwaji zai dawo mini da ke gida sau biyu a shekara, kuma na yi murna da haka fiye da yadda ya kamata.

Allah ya tsare ki da tsarewarsa, ya kiyaye hannunki daga haƙƙin kowa, ya ba ki haƙurin jinkiri, ya sa albarka a abin da kika rubuta komai ƙanƙantarsa. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya jiƙan Baba Arzika, ya yafe mini. Ya kai mu kaka lafiya, ya kawo ki lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba